'Yar Aikin Ranar Alhamis

Ranar da aka fara sa wa Idalina kayan 'yan aiki a gidan mijinta, cewa aka yi na yamma ɗaya ne kawai.

Alhamis ce, ranar da Dona Ermelinda, wato uwargida Ermelinda, uwar mijinta, take karɓar baƙin shan shayi. Tun da Idalina ta tare a gidan Noronha, dangin mijinta, duk Alhamis akan ce ta zauna a ɗaki ta huce gajiyar hanya, alhali ta daɗe da zama a garin Lamego har ta san kukan kowane zakara a unguwar. Ran nan da hantsi sai ga surukar ta shigo kicin da ƙafarta, riƙe da baƙar riga da farin ƙyallen ɗaurawa a gaba, tana wani murmushi da Idalina ba ta san tana da shi ba.

"'Yata, rufa mini asiri za ki yi. Kin ga ja'irar yarinyar nan ta tsere."

Idalina ta san dalili. 'Yar aikin ta gaji da cin alkawari a madadin albashi, ta ƙulle ƙunshinta ta koma ƙauyensu.

"To Mama, ai ba sai na canja kaya ba. In kawo shayin, in gaishe su, ki ce musu ni ce matar Evaristo."

Murmushin ya ɗan dusashe. "Haba 'yata. Matar Noronha ta ɗauki tire? Tun zamanin sarakuna ba a taɓa yi ba. Kuma irin wannan labari ba a jefa wa mutane shi kamar ƙashi. Sai an shirya liyafa, an gyara rufin gida. Yau ɗin nan kawai. Sannan a gabansu kar ki ce Mama, ki ce ranki ya daɗe."

Idalina ta waiwaya wajen mijinta, wanda ke tsaye bakin ƙofa yana gyaran gashin baki a jikin gilashin taga. Dokta Evaristo ke nan. Ya je Coimbra karatun lauya, ya dawo da lakabin, ya baro karatun a can. Dogo ne, fari, mai tattausar murya, hannunsa kamar na jariri. A bakin teku ta fara ganinsa a garinsu Torreira, cikin fararen kaya, yana ɗaga wa masu tallar kifi hula. Ba namijin da ya taɓa ɗaga mata hula kafin shi. Mahaifiyarta, Custodia mai kifi, ta dubi hannun nan ta ce, "Wannan bai taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali nauyi ba." Idalina ta yi kuka har aka ɗaura auren a ƙaramin cocin masunta. Uwar ango ba ta je ba, wai ciwon kai.

"Wasa ne, masoyiyata," in ji shi. "Gobe mu yi ta dariya."

Ta sa rigar. Ta ɗan yi mata ɗamau a hammata.

Gidan Noronha daga waje abin a tsaya a kalla ne. Ga tambarin kakanni sassaƙe a dutse bisa ƙofa, ga tagogi jere. Daga ciki kuwa ɗaki ɗaya ne rak yake da kujeru, wato falon baƙi. Sauran sai bokitai da ke tarar ruwan sama, da alamun hotunan da aka cire daga bango aka sayar. Mutanen gidan miyar kabeji suke sha da burodin masara duk mako, don ranar Alhamis a samu sukarin zubawa a kwanon azurfa.

Baƙin uku ne da rabi. Akwai Dona Zulmira matar alƙali, mai ido kamar na shaho. Akwai Dona Filomena, wadda mijinta ya mutu ya bar mata gonakin inabi. Akwai Fada Anselmo, limamin coci, wanda biskit ba ya wucewa ta gabansa lafiya. Rabin kuwa Clotilde ce, 'yar Dona Filomena, wadda ba ta magana sai an taɓa ta.

"A'a, Ermelinda, sabuwa kika yi?" in ji matar alƙali. "Yaya sunanta?"

Idalina ta buɗe baki.

"Maria," in ji surukarta. "Duk wadda ta shigo gidan nan Maria ce. Ba ni da ƙwaƙwalwar riƙe sunan 'yan aiki."

Aka yi dariya. Evaristo ma ya yi. Da ta sunkuya zuba masa shayi ya ƙifta mata ido, ita kuma, da yake so makaho ne, sai da ta ji daɗi.

Alhamis ta gaba ba a samu sabuwar 'yar aiki ba. Wadda ta biyo baya ma haka. Dona Ermelinda ta ce tunda an riga an gan ta a haka, in aka canja magana yanzu sai a ce gidan Noronha maƙaryata ne. Kafin a fita falo ta kama hannun Idalina ta zare zoben aure, wai kar sabulu ya cinye shi. Sarƙar zinariyar da Custodia ta tara da kwandon kifi a ka, ta rataya wa 'yarta ranar aure, ita ma aka karɓa.

"'Yar aiki da zinariya? Sai a ce sata kika yi. Kawo in ajiye miki."

Inda aka ajiye ta shi ne wuyan Dona Ermelinda. Matar alƙali ta yaba, aka ce mata gadon kaka ne.

Ita ƙarya ba ta san ranar hutu ba. Tun ana yi ranar Alhamis kaɗai, har ta malalo cikin sauran kwanaki. Mai burodi ya ƙwanƙwasa ran Juma'a, to wa zai buɗe in ba Maria ba? Kasuwa ran Asabar, Maria. Ran Lahadi a coci, Dona Ermelinda da ɗanta suna kujerar gaba mai sunan kakanninsu, Idalina tana can baya tsaye cikin 'yan aiki, riƙe da lemar uwar gida. Daga nan take hango ƙeyar mijinta, da yadda yake miƙa wa Clotilde ruwan tsarki a kan yatsunsa.

Da sanyin hunturu ya shigo aka ce ta koma kwana a ɗan ɗakin da ke jikin kicin. Dalili kuwa, mai ɗinki tana zuwa gidan, kuma mai ɗinki bakinta ya fi almakashinta kaifi. In ta ga takalmin mace a ɗakin Dokta fa?

"Can ma ya fi ɗumi," in ji Dona Ermelinda. "Ni da zan samu, da ni zan koma."

Idalina ta tare mijinta wata safiya tana goge masa takalmi.

"Evaristo, yaushe za a faɗa?"

"Sai na samu kujerar nan ta magatakarda a majalisar gari. Alƙali ne zai sa baki, kin kuwa san matarsa. Ranar da aka ba ni, ni da kaina zan riƙo hannunki mu ratsa dandali."

"Clotilde fa? Jiya da tana kaɗa piyano, kai ne mai juya mata shafi, har gashinta na taɓa kumatunka."

"Kishi kike da wannan gunkin?" Ya yi dariya ya shafa kanta. "Ke ce a zuciyata. Gefen nan bai yi ƙyalli ba."

Surukar ta fi shi fito da magana fili. "Wa ya ce aurenta zai yi? A ƙasar Kirista ana auren mata biyu ne? Amma muddin Filomena na sa rai, tulun man zaitun ba zai daina zuwa gidan nan ba. Ke ma da shi kike miya. Kar ki zama butulu."

Custodia takan aiko da kwandon kifi daga bakin teku, da saƙon baki: yaya 'yata, ana riƙe ta da kyau? Idalina takan ce a gaya mata tana cikin daula. Kunya ta hana ta faɗin gaskiya, don ita ce ta yi kukan auren. Kifin kuwa ita za ta gyara, ita za ta gasa, ta kai falo, ta tsaya jikin bango tana jin ana cewa daga gandunsu na bakin teku aka aiko. Kai da ƙaya ne rabonta.

A famfon dandali 'yan aikin sauran gidaje suka ɗauke ta tasu.

"Ke Maria, yaya Doktanku? Ya fara mintsininki a bayan ƙofa?"

"Ki yi hankali da shi. Masu taushin murya sun fi iya ɓarna."

"Wace ɓarna? Wancan ko kaza ba zai iya kamawa ba sai uwarsa ta riƙe masa ƙafa."

Su fashe da dariya. Ita ma ta yi yaƙe, ta ɗora tulu a ka.

Farkon bazara ta gane tana da ciki. Murna ta kama ta irin wadda ta manta da ita. Ta ce to, magana ta ƙare, rana ba ta ɓuya da tafin hannu. Ta same shi yana ɗaura ɗamarar wuya a gaban madubi ta gaya masa. Hannunsa ya tsaya cak.

"Yanzu? Idalina, ba ki iya ɗan jira ba?"

"Ni kaɗai na yi?"

"Ba haka nake nufi ba. Amma kin san watan nan ne za a zauna kan maganar kujerar." Ya dafe goshi. "Bari in gaya wa Mama."

Mama ta zo da dogon ƙyalle. "Ki riƙa ɗaure shi. Mu a zamaninmu har wata bakwai ba mai ganewa. Motsa jiki kuma yana da kyau ga mai ciki, likitoci sun faɗa." Saboda haka aka ƙara mata wankin benaye.

Ta ɗaure har numfashi ya riƙa yi mata wuya. Ƙafafunta suka kumbura, ta tsaga gefen takalmi. Amma ba a yi ƙyallen da zai ɓoye wa Dona Zulmira abu ba. Wata Alhamis Idalina ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, matar alƙali ta ajiye cokali a hankali.

"Ermelinda, ko idona ne, ko Mariarki ta haɗiyi tukunya?"

Idalina ba ta ji tsoro ba, don ta san lokaci ya yi. Ta dubi surukarta. Dona Ermelinda ta zaro hankici, ta dangwala gefen ido, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Na so in rufa mata asiri. Ƙaddara ta faɗa wa yarinyar. Wani ɗan iska ne ya yaudare ta, ta kuma ƙi faɗin sunansa. Kowa ya ce in kore ta. Na ce a'a. In na jefa ta titi, me zan gaya wa Ubangiji?"

"Kai, Ermelinda!" in ji Dona Filomena, ta toshe wa Clotilde kunne da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da biskit. "Ke waliyyiya ce."

"Kuma da saurayi a gida," in ji matar alƙali. "Dokta, kai ma ka yi haƙuri."

Evaristo ya sunkuyar da kai irin na mai tawali'u. "Dukkanmu masu zunubi ne, ranki ya daɗe."

Tiren bai faɗi daga hannun Idalina ba. Ta kai shi kicin, ta ajiye.

Ran Lahadi Fada Anselmo ya yi huɗuba a kan jinƙai. Bai kama suna ba, ya dai ce akwai wani tsohon gida a garin nan da ya buɗe ƙofarsa ga ɓatacciyar tunkiya. Kawuna suka juya gaba wajen Dona Ermelinda, sannan suka juya baya wajen tunkiyar. Tun daga ranar matar mai burodi ta daina miƙa mata burodi a hannu, sai ta ajiye a kan kanta. Samarin bakin shagon aski suka samu abin yi wa fito. 'Yan aikin famfo kuwa suka matsa da tulunansu gefe, sai wata tsohuwa a cikinsu da ta raɗa mata, "Na Doktan ne, ko? Kar ki faɗa, 'yar nan. Ba wanda zai yarda, kuma ke za a kora."

"Ka ji abin da ake kirana?" Idalina ta tambayi Evaristo a tsakar gida tana shanya.

"Baki ne kawai, ba ya fasa ƙashi. Ni da ke da Allah mun san gaskiya. Kin san kuwa tun huɗubar nan alƙali ya gaishe ni sau biyu?"

Matan Alhamis ba su tsaya a yabo ba. Mata ne masu son aikin lada, ga shi lada ya kawo kansa har falo. Suka yanke shawara a tsakaninsu: in an haihu, za a kai jaririn gidan marayu na 'yan zuhudu a Porto, a ba shi tarbiyya nesa da abin kunya. Uwar kuma ta yi shekara tana wanki a can don ta tsarkaka, sannan a dawo wa Ermelinda da ita. Fada Anselmo ya ce zai yi magana da shugabar gidan.

Idalina ta ji wannan ne tana zuba ruwan zafi a buta. Washegari ta shiga ɗakin da a da yake nata ba tare da ƙwanƙwasawa ba. Uwa da ɗa suna karyawa.

"Ɗana ba ya zuwa ko'ina."

"Jikana ne ni ma," in ji Dona Ermelinda tana shafa man shanu siriri kamar numfashi. "Kina tsammani ba ya yi mini ciwo? Amma me zan ce wa Zulmira? In ce a'a? Da wane dalili?"

"Da dalilin cewa ɗan Evaristo ne, na aure."

"Ji ta. Sai ka ce magana a kasuwar kifi."

Evaristo ya taso ya riƙe kafaɗunta, muryar nan tasa kamar zuma. "Saurara, masoyiyata, na yi tunani a kai. Na ɗan lokaci ne. In na samu kujerar, sai mu je mu ɗauko shi a matsayin ɗan riƙo. Kin ga ya dawo gidansu, mutane kuma su yaba mana. Kowa ya ci riba."

Ta tsaya tana kallon fuskar. Komai na nan yadda ta gan shi a bakin teku, idon, gashin bakin, haƙoran. Ta yi ta neman inda mutumin yake a ciki, ba ta samu ba.

Alhamis ta zo, matan suka zo da kayan jariri da suka saƙa wa maraya. Aka baje a kan tebur ana yaba 'yan safuna. Clotilde ta saƙa hula mai kama da jakar goro. Dona Zulmira ta kira Idalina tsakiyar falo.

"Maria, dubi abin da bayin Allah suka yi wa ɗan da ba shi da uba. Ki gode. Sannan ga Fada a zaune, ki sauke nauyin da ke ranki. Waye mutumin? Mijina alƙali ne, zai sa a kamo shi ko a ina yake."

Idalina ta dubi mijinta. Ta ba shi lokaci, har ta ji agogon bango yana tafiya. Shi kuwa ya ƙura wa kofinsa ido kamar an rubuta masa wani abu a ciki. Can ya ɗago.

"Maria, shayin nan ya huce."

"Sunana Idalina," ta ce. "Ba sai an wahalar da alƙali ba, ranki ya daɗe, ga mutumin nan zaune. Mijina ne. A coci aka ɗaura mana aure, a Torreira, gaban mutanen gari. Waccan uwar mijina ce. Sarƙar da ke wuyanta ta mahaifiyata ce, kifin da kuka ci kuma ita ta aiko."

Ta jira rufin gidan ya rufto. Ta jira ihu, ko suma, ko a tashi a fice.

Dona Ermelinda ta taɓa gefen kanta da yatsa, ta girgiza kai cikin tausayi. "Kun gani ko? Haka nake fama. Cikin ya taɓa mata hankali."

"Allah sarki," in ji Dona Filomena nan take. "Haka wata tawa ta yi, ita cewa ta yi 'yar sarkin Spain ce."

"Yana faruwa," in ji Fada Anselmo, ya miƙa hannu ya ɗauki biskit.

"Bana kam ruwa ya yi wa inabi yawa," in ji matar alƙali. Aka koma maganar ruwan sama.

Idalina ta koma kicin ta zauna a kan buhun dankali. Ba ta yi kuka ba, mamaki ya tare hanyar hawayen. Jim kaɗan sai ga Dona Zulmira ta leƙo, wai ruwan sha take so. Ta turo ƙofar ta rufe, ta tattare bakin rigarta kar ya taɓa ƙasa.

"Ke yarinya, me ya kai ki? Kin ɓata wa mutane yamma."

"Wallahi gaskiya na faɗa, ranki ya daɗe."

"Wa ya ce ƙarya kika yi? Mai yi mini wanki ƙanwarta a Torreira take aure. Tun ba ki sauke akwatinki ba na san launin rigar da kika sa ranar biki."

Idalina ta miƙe a hankali. "Kin sani?"

"Garin nan tafin hannu ne. Fada ya sani. Filomena ce ma ta fara sani."

"To ita me take kawo 'yarta yi?"

"Gonakin Filomena ai suna hannun banki. Tana kawo Clotilde ne don a ga ɗan babban gida na juya mata shafi, ko ɗan likita da take haƙo ya ji tsoro ya yi sauri ya fito. Kowa da abin da ya lulluɓe, 'yar nan. Ni ban tambayi Ermelinda ina hotunan bangonta suka tafi ba, ita ma ba ta tambaye ni inda alƙali yake kwana ran Talata ba. Haka mutanen kirki ke zama. Ke kuma kin zo kina ɗaga mayafi. In kika ɗaga na ɗaya, iska za ta shiga na kowa."

"Da ɗana fa? Kun sani, kuma za ku kai shi gidan marayu?"

Matar alƙali ta dube ta da mamaki na gaske. "To ai sai an yi wani abu da shi, ko? Ermelinda ta riga ta faɗi magana. In muka ƙaryata ta, ina za mu riƙa zuwa ran Alhamis?" Ta kurɓi ruwan ta ajiye kofin. "Ki wanke fuska ki kawo wani shayin. Ba wanda zai tuna miki."

Da ta fita, Idalina ta kwance farin ƙyallen gaba, ta kwance dogon da ya ɗaure mata ciki, ta ja numfashi har ƙasan huhu. Ɗan ya motsa. Ta sa rigarta ta gida, ta yafa mayafinta. A soro ta yi karo da Evaristo, an aiko shi ya ga me ya riƙe shayin.

"Ina za ki?"

"Gida."

"Idalina, don Allah." Ya waiwaya wajen falo, ya rage murya. "Ina son ki, kin sani. Ki bari baƙi su tafi tukuna."

"Ka faɗa da ƙarfi. Ka ce Idalina matata, yadda za su ji daga can. Sai in zauna."

Ya buɗe baki. Daga falo uwarsa ta kira, "Evaristo!" Ya rufe bakin.

Ran Alhamis da yamma ne motocin kifi ke sauke kaya a kasuwa, saboda Juma'a ba a cin nama. Direban ɗaya ya san Custodia. Ya dubi cikin, ya dubi tsagaggen takalmin, ya share mata kujerar gaba.

Custodia tana wanke kwanduna a ƙofar gida ta hango 'yarta. Ta dubi wuyan da ba sarƙa, da hannun da ya fi nata kaushi.

"Daular ke nan?"

"Inna..."

"Shiga ciki. Akwai miya a wuta. In kin ƙoshi kya ba ni labari, in san wanda zan tsine wa da suna."

A ɗakin da aka haife ta Idalina ta haifi 'ya mace mai dogayen yatsu. Ranar da aka yi wa jaririyar baftisma, wani maƙwabci da ya taɓa aikin masinja a kotu ya ja Custodia gefe ya ce ta yi hattara, don miji yana da iko ya kai ƙara a sa hukuma ta mayar masa da matarsa gida ko tana so ko ba ta so. Idalina ta ji, ta ƙanƙame 'yarta. Custodia kuwa ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Ya kai mana! Amma kafin a dawo masa da mata, ai sai ya tsaya gaban alƙali ya ce yana da ita."

Ba wanda ya zo. Idalina ta ɗauki kwandon uwarta. Watanni tana jin ƙarar mota sai gabanta ya faɗi, rabi tsoro, rabi wani abu da take jin kunyar kiran sunansa. Daga baya wannan ma ya daina. Aure dai yana kanta, don na coci ba ya mutuwa. Ba ta da miji, ba ta kuma da damar yin wani, tana da shekara ashirin da biyu.

A Lamego kuwa ba abin da ya fashe. Dona Ermelinda ta sanar cewa ta kori Maria saboda cokalin azurfa ya ɓace, matan suka yi jimamin yadda 'yan aikin zamani ba su san alheri ba. Kayan jaririn aka kai wa wasu marayun, Fada ya sake yin huɗuba. Clotilde ta auri ɗan likita. Aka samo wata yarinya daga kan duwatsu, wadda ba ta san ana biyan 'yan aiki ba, aka sa mata suna Maria. Dokta Evaristo yana nan yana jiran kujerarsa, furfura ta fara fito masa, kuma ta yi masa kyau. In baƙo ya tambayi me ya hana irin wannan kyakkyawan mutum aure, sai matan su haɗa baki su ce ai saboda mahaifiyarsa ne, irinsa ba su da yawa yanzu. Sannan a miƙa wa baƙon sukari.